Kafin a ɗora wa mace laifi: yadda jikin namiji ke haɗa irin haihuwa

Wannan shi ne taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na lafiya, don 'yan uwa na Mai Wurno, Sinnar, Wad Madani har zuwa Damazin da ba su samu saurare ba.

A garuruwanmu, idan aure ya shekara biyu uku ba ciki, ido kan mace yake komawa. Wani ya ƙara aure, wani ya yi saki. To amma likitoci sun tabbatar da cewa a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai matsala a ɓangaren namiji.

Ka san dai yadda ruwa ke isa hawasharka: daga madatsar Sinnar, wadda aka kammala a 1925, ya bi babbar tur'a, ya shiga ƙanana, sannan gona. Haka jikinka yake. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani sashe, haifotalamus, mai sakin sinadarin GnRH kaɗan-kaɗan, lokaci bayan lokaci. Shi ke taɓo wani ɗan ƙullutu mai girman ƙwayar wake, fituwitari, ya saki sinadarai biyu cikin jini: LH da FSH. LH ya umarci 'ya'yan maraina su samar da testosteron, mai kawo gemu, kaurin murya da sha'awa. FSH kuma, tare da testosteron ɗin, su ke rainon ƙwayoyin maniyyi. Birai ma haka tsarinsu yake, shi ya sa da yawa daga wannan ilimi a jikin birin rhesus aka gano shi, musamman a jami'ar Pittsburgh ta Amurka.

Ga inda ake faɗawa rami. Idan gona ta cika, ai rufe ƙofar ruwa ake yi. Haka nan idan testosteron ya yi yawa a jini, ƙwaƙwalwa sai ta rage LH da FSH. Saboda haka saurayin da ke karɓar allurar testosteron don ƙarin ƙarfi ko gina jiki, yana rufe wa kansa ƙofa ne. Jiki ya murɗe, amma ƙwayoyin haihuwa su ragu ƙwarai, wani lokaci su ɗauke gaba ɗaya na tsawon watanni.

Sannan ka riƙe wannan: ƙarfin kwanciya daban, haihuwa daban. Mutum na iya zama lafiya lau a shimfiɗa, amma irin ya yi ƙaranci.

Haɗa ƙwayar maniyyi na ɗaukar kimanin kwana 74, kuma maraina na son sanyi fiye da sauran jiki. Don haka zazzaɓi mai zafi na iya rage iri na wata biyu zuwa uku. Hangum bayan balaga na iya lalata maraina. Tsargiya kuwa, wadda ake ɗauka a ruwan tur'a, kan taɓa hanyoyin maniyyi, har a ga jini.

To me za a yi? Idan an shekara guda ana tare ba ciki, ku je asibiti ku biyu. Gwajin maniyyi ba tiyata ba ne, kuma idan sakamako bai yi kyau ba, akan maimaita bayan wata uku. Haihuwa ta Allah ce, amma neman magani ba abin kunya ba ne, malam. Allah ya ba kowa zuri'a ɗayyiba.