Rumbun Ajiya na Intanet: Matsalar Daidaita Fayil a Kwamfutar Tebur da Hanyoyin Magance Ta

Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata, ana saura kwana huɗu in miƙa wa malamin da ke duba aikina babi na uku na kundin digirina, na shiga wani shagon buga takardu da niyyar buga shi. Da na buɗe asusuna na ajiya a kwamfutar shagon, sai na tarar da babin yana nan yadda yake makonni uku da suka wuce. Duk gyare-gyaren da malam ya ce in yi, da hirarrakin da na rubuce daga rikoda, babu ko ɗaya a ciki. Nan take gabana ya faɗi. A gida, da wata tsohuwar kwamfutar tebur ta kawuna nake aiki, kuma na saki jiki cewa duk abin da na rubuta yana hawa intanet da kansa. Ashe tun ranar da aka sabunta babbar manhajar kwamfutar, abin ya tsaya cak ban sani ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda wannan ajiya take aiki, da dalilan da ke sa ta tsaya, da kuma matakan da ya kamata a bi, musamman ma matakin farko, wanda shi ne ya ceci aikina.

Mene ne rumbun ajiya na intanet?

Rumbun ajiya na intanet wuri ne da wani kamfani ke ware wa mutum a cikin manyan kwamfutocinsa domin ya adana fayil-fayil, ya kuma same su daga kowace na'ura. Waɗanda suka fi shahara a tsakaninmu uku ne. Dropbox ya fito a 2008, yana ba da gigabayit 2 kyauta. Google Drive ya fito a 2012, yana ba da gigabayit 15, amma da su ne Gmail da Google Photos suke tarayya. Sai OneDrive na kamfanin Microsoft, wanda ake kira SkyDrive kafin 2014, yana ba da gigabayit 5.

Kowannensu yana da 'yar manhajar da ake girkawa a kwamfuta. Aikinta shi ne ta riƙa lura da wata folda, duk sauyin da ta gani a nan ta kai shi can, duk wanda ta gani a can ta kawo shi nan. Wannan aiki shi na kira daidaitawa. Abin lura shi ne, daidaitawa kamar madubi take: abin da ka yi shi za ta kwaikwaya. Idan ka gyara fayil, za a gyara na rumbu. Idan ka goge shi, na rumbu ma zai tafi. Yawancin ɗalibai suna ɗaukar rumbun a matsayin ma'ajiya ta biyu da ba abin da zai taɓa ta, kuma daga wannan fahimta ce asara take farawa.

Matakin farko: kada a goge komai

Da na koma gida a wannan rana, wani abokina ya ba ni shawarar in goge foldar gaba ɗaya, in cire manhajar, in sake girka ta, wai komai zai sauko sabo. Da na bi shawararsa, da aikin makonni uku ya salwanta, domin a cikin kwamfutar kaɗai yake, bai taɓa hawa ba. Saboda haka, kafin a taɓa komai, a kwafe foldar dungurungum zuwa filashi ko wani wuri a kwamfutar da manhajar ba ta lura da shi. Bayan haka a buɗe rumbun ta burauza, a kwatanta ranar da aka yi wa fayil gyaran ƙarshe a can da ta nan. Wannan kwatanci shi zai nuna ɓangaren da ke riƙe da sabon aiki.

Wajen kwafa akwai tarko guda. Manhajojin yanzu sukan nuna sunan fayil a folda alhali ainihinsa yana rumbu, domin rage cinkoso a kwamfuta. A OneDrive, alal misali, alamar gajimare a gefen fayil tana nufin bai sauko ba, koren maki kuwa yana nufin yana nan a kwamfutar. A duba waɗannan alamu kafin a ce an kwafe.

Dalilan da ke tsayar da daidaitawa

Na farko, fita daga asusu. Bayan an sabunta babbar manhaja ko an sauya kalmar sirri, manhajar ajiya takan nemi a sake shiga. Ba ta cika yin hayaniya a kan haka ba. 'Yar alamarta da ke kusa da agogo, a ƙasan allo ta hannun dama, ita ce take dusashewa ko ta fito da jan gargaɗi. A latsa ta a karanta abin da take cewa. Haka kuma a tabbatar da asusun da aka shiga, domin da yawanmu muna da biyu, na makaranta da na kanmu. Wannan ne ma yake sa wani ya biya kuɗin ƙarin wuri, amma kwamfutar ta ci gaba da cewa rumbu ya cika: a wani asusu ya biya, a wani kuma kwamfutar take.

Na biyu, agogon kwamfuta. A cikin kwamfutar tebur akwai wani ɗan batir mai faɗin kwabo, galibi samfurin CR2032, wanda ke riƙe lokaci idan babu wuta. Idan ya mutu, duk lokacin da aka ɗauke wuta sai kwanan wata ya koma baya da shekaru. Manhajar ajiya kuwa ba za ta amince da takardar shaidar tsaro ta kamfanin ba idan kwanan watan bai dace ba, sai ta ƙi haɗuwa da rumbu. Wannan shi ne abin da ya same ni: sabuntawa ta fitar da ni daga asusu, agogo kuma ya hana ni komawa. Gyara lokaci da sauya batir suka warware matsalar.

Na uku, cikar rumbu. Mu ɗaliban harshe mun fi kowa faɗawa cikin wannan, saboda muryoyin da muke ɗauka wajen bincike. Hirar awa ɗaya da aka ɗauka a tsarin WAV mai ingancin faifan CD takan kai kimanin megabayit 600, alhali a tsarin MP3 na yau da kullum ba ta cika wuce megabayit 60 ba. Ke nan hira huɗu irin ta farko sun fi ƙarfin gigabayit 2. Idan rumbu ya cika, hawa yakan tsaya ko da fayil ɗin shafi ɗaya ne.

Na huɗu, sunan fayil. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba su da laifi a manhajojin yanzu. Masu laifin su ne alamar tambaya, da ruwa biyu, da tauraro, da alamar zancen wani, da karan tsaye ko na jirge, waɗanda Windows ba ta karɓa a sunan fayil. Idan an raɗa wa fayil irin wannan suna a wata na'ura, yana iya ƙin saukowa. Tsawon suna ma matsala ne. Da yawa daga cikin manhajojin Windows ba sa iya buɗe fayil idan sunansa, haɗe da sunayen foldojin da yake ciki, ya wuce haruffa 260. Wanda ya sa wa fayil cikakken taken kundinsa, ya cusa shi folda cikin folda, da wuri zai kai wannan iyaka.

Na biyar, yanayin intanet da buɗaɗɗen fayil. Idan ana jona kwamfuta da datar waya, kuma an shaida wa Windows cewa layin na awo ne, OneDrive yakan dakata da kansa don kada ya cinye data. Har ila yau, fayil ɗin da aka bari a buɗe a wata manhaja yana iya ƙin hawa sai an rufe shi.

Idan laifin tsufa ne

Wani lokaci duk waɗannan matakai ba za su yi amfani ba, saboda kamfani ya daina kula da manhajar da ke kwamfutar. A 2021 Google ya maye gurbin tsohuwar manhajarsa mai suna Backup and Sync da Drive for desktop. A watan Maris na 2022 kuma OneDrive na masu asusun kansu ya daina daidaitawa a Windows 7 da 8 da 8.1. Ita kanta Windows 10, Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake ba ta ta yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025. Mai tsohuwar kwamfuta yana da zaɓi biyu: ko ya sabunta babbar manhaja idan na'urar za ta ɗauka, ko ya riƙa loda fayil da hannunsa ta burauza.

Wanda zai sabunta, ya fara tabbatar da cewa manhajar ajiya ta nuna komai ya hau, ya kwafe aikinsa a filashi, sannan ya fara. Bayan an gama, ya gwada: ya ƙirƙiri ɗan fayil a foldar, ya duba wayarsa ya ga ko ya bayyana. Da na yi wannan gwaji na minti biyu, da ban kwana uku cikin zullumi ba.

Idan an riga an yi ɓarna

Ko an goge fayil, kada a yanke ƙauna. A asusun kyauta na waɗannan kamfanoni uku, abin da aka goge yakan zauna kwana 30 a kwandon shara na rumbu kafin ya ɓace. Haka nan suna adana tsofaffin zubin fayil na wani lokaci, ana iya dawo da na jiya ko na makon jiya. Idan kuma aka ga fayil ya zama biyu, ɗaya da ƙarin sunan kwamfuta ko kwanan wata, alama ce an gyara shi a wurare biyu kafin su daidaita. A buɗe duka biyun a kwatanta kafin a zubar da ɗaya.

Kammalawa

Na miƙa babina a kan lokaci, kuma ban rasa ko layi ɗaya ba, saboda kwafin da na yi kafin in taɓa komai. Tun daga ranar, duk Juma'a nakan kwafe kundina a filashi, kuma ba na kashe kwamfuta sai na dubi 'yar alamar nan ta kusa da agogo. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ina kira ga 'yan'uwana, musamman 'yan ajin ƙarshe, da kowa ya buɗe rumbunsa ta burauza yau ɗin nan, ya duba ranar da babinsa na ƙarshe ya hau.