Baƙin mai: kauri ba shi ne inganci ba

Duk mai kai mota juye ya san yadda bakanike ke gwada baƙin mai. Zai ɗiga a yatsa, ya murza, in ya ji kauri ya ce wannan shi ne mai, in ya ji shi a tsinke ya ce ruwa ne. A zamanin Peugeot 504 wannan gwajin yana da hujja, domin 20W-50 shi ne abincinta. Amma yawancin Toyota da Honda na shekarun nan 5W-20 ko 0W-20 aka rubuta a murfin mansu, kuma yana ba ni takaici in ga ana ɗura musu mai kauri da sunan gata.

Inganci kuwa yana ga yadda aka haɗa man: wanda muka saba da shi daga ɗanyen mai ake tace shi, ƙwayoyinsa manya da ƙanana a gauraye, da ragowar kaki da farar wuta. Shi kuwa sintetik, a masana'anta ake sarrafa ƙwayoyinsa har su zo kusan girma ɗaya, kamar garin da aka tankaɗe da rariya. Jamusawa sun yi aiki da irinsa a jiragensu lokacin yaƙin duniya na biyu, Mobil 1 kuma ya shiga kasuwa a 1974. Yau kamfanin Shell har daga iskar gas ta Katar yake haɗa nasa.

A wurinmu babbar fa'idar sintetik ita ce jure zafi. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, ga mota tsaye a cunkoso, iska ba ta ratsa lagireto. A nan ne mai na yau da kullum ke saurin ƙonewa, wani ya bi hayaƙi, wani ya daskare ya zama baƙin taɓo da ke toshe ƙananan hanyoyin da mai ke bi ya kai saman inji. Duk wanda ya taɓa ganin an buɗe murfin injin da aka yi wa sakaci ya ga wannan taɓon manne kamar an shafa shi. Sintetik yana daɗewa kafin ya kai haka, kuma injin da ke da turbo, na'urar da ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti, shi ya fi bukatarsa. A 2017 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada nau'o'in biyu, sintetik ya yi fintinkau da kashi 47 cikin 100 a matsakaici. Da asubahin hunturu ma, lokacin da ƙarfe ke gogar ƙarfe kafin mai ya zagaya, shi ne ke saurin isa.

Tsada kam akwai ta, amma tazarar juye tana rage zafinta. Sai dai kada mu ɗauki lissafin Amurka kai tsaye. A can Toyota ta yarda a yi kilomita 16,000 da 0W-20, amma littafin motar ya ce a hanya mai ƙura a raba biyu, a juye a 8,000. Mu kuwa ƙura ce gidanmu, saboda haka lissafi na biyun ne namu, tare da sabuwar filta kowane juye.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne jabu. Galan mai kyau, rubutu mai ƙyalli, ciki kuwa tsohon mai ne aka tace. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kama irin wannan, don haka a saya wurin dilan da aka sani, a duba hatimin murfi da lambar API. Mai babur kuma ya nemi wanda aka rubuta wa JASO MA, domin kulocinsa a cikin mai yake wanka, man mota na iya sa shi zamewa.