Kafin a Kafa Turke a Gonarka

Jama'ar Magajin Gari, da 'yan'uwa na Randagi, Kakangi, Kuyello, Tabanni da Dogon Dawa, a saurara. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari. Aka karɓi 'yan bindigar da suka ce sun tuba. Aka sake buɗe kasuwar shanu. Manoma suka fara komawa gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba. Alhamdulillahi. Sai dai hanyar da ta buɗe wa manomi ta buɗe wa kowa. Ma'aikatan da tsoro ya zaunar a ofis za su fito. Safiyo zai zo da kayan awonsa. Jami'in ma'adinai zai zo. Malamin daji da duba-gari ma haka. Wasu aikin gaskiya ne zai kawo su. Wasu takardar bogi za su riƙo. Mai gonar da bai san iyakar ikonsu ba yana iya rasa gadon ubansa a wuni guda.

Kada a firgita, kuma kada kowa ya ɗauki adda. Doka ta ba hukuma hanyar shiga. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, riƙon amana. Sashe na 11 ya yarda jami'in da gwamna ya ba izini ya shiga filin da ke da takardar gwamna, ya duba, da rana, a lokacin da ya dace. Mai wurin kuma ya ba shi hanya. Gonakin karkara yawanci a ƙarƙashin ƙaramar hukuma suke, kuma sashe na 6 ya ba ta damar shiga don aikin da zai amfani jama'a. Wanda ya tare ma'aikacin gaskiya da makami ya jawo wa kansa tuhuma. A yanki irin namu abin ya ma wuce tuhuma. Matashin da aka gani da makami a bakin daji, an san sunan da za a fara kiransa da shi. Fushin minti biyar yana iya jawo jana'iza.

Shiru ma yana da nasa sharrin. Abin da sashe na 11 ya halatta dubawa ce. Bai ce a rushe katanga ba. Bai ce a sare itace ba. Bai ce a zo da dare ba, balle a ce wa mutum ya kwashe kayansa ya tashi. Amma mun taso da tsoron kaki da farar mota. Dattijo zai durƙusa ya ce, “Yadda kuka ce, ranka ya daɗe.” Shi a wurinsa ladabi ya yi. Su kuma za su koma ofis su rubuta cewa mai wuri ya amince. Daga baya kotu takarda za ta duba.

Sannan ba duk mai kaki ne ma'aikaci ba. Mu da muka bi hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa a shekarun baya ba ma buƙatar a yi mana bayani. An sha tare mutane da kayan sarki a jikin 'yan ta'adda. Baƙon da ya zo yana ƙirga shanu, yana leƙa rumbu, yana tambayar yaushe maigida ke dawowa daga kasuwa, ko ba komai ya tafi da labarin gidanka. Don haka a tarbe su da sallama, a shimfiɗa musu tabarma a waje, a kawo ruwa. Sai a yi tambaya.

“Sannunku da zuwa, yallaɓai. Daga wace ma'aikata? Wa ya turo ku? Ko zan ga katin aiki da takardar izini? Ku ɗan dakata a kira mai unguwa.”

Ma'aikacin gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya harzuƙa don an ce a kira mai unguwa, a ƙara sa masa ido. A samu yaro mai karatu ya rubuta sunayensu, da lambar mota, da kwanan wata. In da waya, a ɗauki hoton takardar da suka nuna. Kuma kada a ba da na goro don su tafi. Wanda ya karɓa yau zai dawo bayan girbi, kuma babu rasit da zai nuna an taɓa ba shi.

Gona daban, cikin gida daban. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa. Addini da al'ada sun riga shi: zaure ne iyakar baƙo. Binciken gida yana buƙatar takardar izini daga kotu, in ban da yanayi irin na wanda ake bi ya faɗa gidan. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta tanadi a sanar da matan kulle su keɓe kafin a shiga. Ta tanadi a yi bincike gaban shaidu. Ta tanadi a rubuta duk abin da aka ɗauka, a ba mai gida kwafi. Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017. Inda aka yi bincike ba shaida, kaya na iya ɓacewa. Abin da ya fi muni, ana iya “tsintar” abin da ba na gidan ba ne. Matar da mijinta ba ya nan ta yi magana daga bayan ƙyaure: “Maigida ba ya nan, ku jira a kira yayansa.” Ba ta yi laifin komai ba.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro: dangwale. Za a miƙo takarda da Turanci da ɗan akwatin tawada. Za a ce, “Baba, dangwala nan, shaida ce kawai mun zo.” Ƙasar Birnin Gwari tana da zinare, kuma tun zamanin Turawa ake haƙarsa. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki ya faɗa, babu musu. Amma Dokar Ma'adinai ta 2007, a sashe na 100, ta ce wanda ke neman lasisi a kan filin wani sai an sanar da mai filin ko mazauninsa, an kuma samu yardarsa. In ba a samu ba, ana iya cire filin daga cikin lasisin. Ashe yardarka kadara ce. Ita kamfani ke nema ya kai ofishin rajistar ma'adinai na Abuja. Da zarar ta tafi, dawo da ita sai an sha wuya. Dokar ta kuma tanadi kuɗin hayar doron ƙasa da diyyar ɓarna, abubuwan da ya kamata a daidaita kafin a sa hannu. Kada a dangwala a ranar da aka kawo takarda. A karɓi kwafi. A kai wa wanda aka amince da shi ya karanta, ya fassara kalma bayan kalma. Muna girmama iyayen ƙasa, amma mai gona doka ta ambata. A ganina sa hannun wani a madadinka bai isa ba, sai da saninka da yardarka.

Akwai kuma ramukan da wasu suka haƙa ba ka nan. Tun Maris na 2024 gwamnatin tarayya ta ware dakaru na musamman daga jami'an sibil difens don yaƙi da haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba. Ranar da suka iske rami a gona, mai gona za a fara nema. Wanda ya koma ya tarar an farfasa masa ƙasa, ya riga kowa kai rahoto ga dagaci da hakimi, a rubuce, ya ajiye kwafi.

Gonar da ta zama saura ita ce ta fi kowace shiga haɗari. Ciyawa da sabara sun rufe ta. Itacen da ake iyaka da shi an sare, an yi gawayi. Dattawan da suka san inda gonar wane ta tsaya, wasu sun rasu, wasu suna gudun hijira. Mai awo ya zo ya ga daji, daji zai rubuta. Alhali sashe na 36 na dokar 1978 ya amince da wanda ke riƙe da gonar karkara tun kafin dokar, tamkar an ba shi izinin mallaka na gargajiya. Haƙƙin yana nan. Shaidarsa ce ke lalacewa kowace damina.

A nan ne maganar diyya ke cutar da wanda bai sani ba. In gwamnati ta karɓi fili don hanya ko makaranta, sashe na 29 bai tanadi kuɗin ita kanta ƙasar yadda ake sayar da ita a kasuwa ba. Abin da ke kanta ake yi wa kuɗi: gini, rijiya, amfanin gona. Ranar ƙidaya ita ce komai. Abin da bai shiga littafin mai ƙidaya ba, ba za a biya shi ba. To, mutumin da aka ƙone masa gida, aka hana shi noma shekara da shekaru, me za a tarar a filinsa? Kango da ƙaya. Shi da aka fi zalunta shi zai tashi da mafi ƙanƙantar diyya. Wannan ya isa ya hana mai imani barci. Don haka ranar ƙidaya ka kasance a wurin da ƙafarka. Ka bi su itace bayan itace. Ɗorawa nawa, kaɗanya nawa, mangwaro nawa, kuka nawa. Ka nuna rijiyar da ta rufta da gindin rumbu da tushen ginin da aka ƙona. Ka ce a karanta maka adadin kafin a rufe littafi. In ƙaramar hukuma ce ta karɓi gonar noma, sashe na 6 ya ce ta ba ka wata a madadinta. Mutane da yawa ba su taɓa jin wannan ba, shi ya sa ba sa nema.

Masu gona a gefen Kamuku su ƙara kula. Tun 1936 aka keɓe dajin, a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000. Noma da kiwo da saran itace haramun ne a cikinsa. Shekarun da babu mai iya zagaya iyaka sun sa alamu sun ɓace. In ba a zauna da ma'aikatan gandun da masu unguwanni an tantance layin tun yanzu ba, za a wayi gari ana kiran gonar gado kutse.

Turken siminti a gona ko jan fenti a bango ba su ne ƙwace ba. Kafin a soke haƙƙin mutum, sashe na 28 na dokar 1978 ya ce sai don maslahar jama'a, sai da sa hannun jami'in da gwamna ya wakilta, sai kuma an ba mai wurin sanarwa. A shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance a 1991, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da soke mallakar da ba ta cika waɗannan sharuɗɗa ba. Kundin Tsarin Mulki ya ƙara da biyan diyya ba tare da jan ƙafa ba, da damar zuwa kotu. Sai dai ga tarkon da ke jiran 'yan gudun hijira. Dokar 1978 ta yarda a bar sanarwa a gidan da aka san ka da shi na ƙarshe. In an nemi mai wuri an rasa, ana iya manna ta a jikin wurin. Kana Kaduna ko Funtuwa ko Tegina, takarda tana manne a kangon gidanka, ruwa yana dukanta. Duk wanda bai dawo ba tukuna ya wakilta ɗan'uwa mai leƙawa. Ya bar lambar wayarsa wurin mai unguwa.

Rashin takarda kuma ya ci mutane da dama a jihar nan. Tsakanin 2015 da 2023 hukumar tsara birane ta KASUPDA ta rushe gidaje da shaguna a Kaduna da Zariya, kuma hujjar da aka fi bayarwa ita ce gini a filin gwamnati ko gini ba izini. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hukumar filaye ta KADGIS ita ke rajista da ba da takardar mallaka a jihar. Wanda ke da hali ya nema. Wanda bai da shi tukuna ya fara da abin da ke kusa. A tara maƙwabtan gona huɗu da mai unguwa, a zaga iyaka, a rubuta, kowa ya sa hannu. Gadon da ba a raba ba a kai kotun shari'a a raba, a karɓi takarda. Gonakin marayu da na matan da aka kashe wa maza su za a fara yi wa, domin su ne ba su da mai tsaya musu ranar da mota ta tsaya a bakin gona. Kuma asalin takarda ba ta barin gida. Ko wa ya nema, kwafi za a ba shi.

Jinkiri shi ke ƙarasa abin da sauran suka fara. Akwai dokar kare ma'aikatan gwamnati da ta taƙaita lokacin kai ƙararsu, a shari'o'i da dama, zuwa wata 3 daga ranar da abin ya faru. Manomi zai ce bari a gama shuka. Sai ya ce bari a yi girbi. Kafin ya sayar da masara ya samu kuɗin mota, wa'adin ya wuce. Wanda aka shigar masa wuri ba bisa ƙa'ida ba, ko ya tarar da turke ko fenti, ya rubuta ƙorafi a makon. Kwafi ɗaya ga hakimi, ɗaya ga sashen filaye na ƙaramar hukuma, a buga masa hatimin karɓa a nasa. In ba a saurare shi ba, Hukumar Karɓar Ƙorafin Jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam duk suna da ofis a Kaduna, kuma ba a biyan kuɗi kafin a shigar da koke. In unguwa guda abin ya shafa, a haɗa kuɗi a ɗauki lauya ɗaya, a tafi da hotuna da sunayen da aka rubuta ranar da suka zo.