Baƙon Maraɗi, a Wace Unguwa Za Ka Sauka?

Na gaji da wata magana da ake zuba wa baƙi a kunne tun ba su sauke jakarsu a tasha ba: wai kada su kuskura su kwana a tsofaffin unguwannin Maraɗi, don cikin gulbi suke, ruwa na iya kwashe mutum yana barci. Da ƙaramar sallar da ta wuce wani aminina ɗan kasuwa ya taso takanas daga Kano don ya ga hawan Sarki. Wani ɗan kabu-kabu ya biya masa wannan karatu, ya kai shi can ƙarshen gari ya aje. Da safe abin hawa ya yi wuya, kafin ya iso ƙofar fada taro ya fara watsewa. Na ce, "Haba Alhaji, ai da ka tambaye ni." Ya ce ruwa ya ji tsoro. A watan da ko gajimare babu a sama!

Maganar tana da tushe, sai dai ta kwana biyu, don ta kai shekara 80. Maraɗin farko, inda zuriyar sarakunan Katsina suka kafa gadonsu bayan jihadi ya fitar da su daga Birnin Katsina a 1807, a fadamar gulbi take. Can su Sarki Ɗan Kasawa suka yi zamaninsu. Ambaliyar 1945 ta cinye wancan gari, Turawan Faransa suka sa aka tashe shi zuwa kan tudu, aka yanka tituna a miƙe. Jama'a suka hau tudu da kayansu da sunayen unguwanninsu: Bagalam, 'Yandaka, Mokoyo, Maradawa, Limanci, Ɗan Gulbi. Ke nan abin da muke kira tsohon gari yau, sunayensa ne suka tsufa, mazauninsa ba wanda ruwa ya ci ba ne. Mai cewa fadar Sarkin Katsinan Maraɗi cikin gulbi take, ko bai taɓa taka dandalin Ɗan Kasawa ba, ko kuma yana da wani masauki da yake cin la'ada a kansa.

Ban ce ruwa ba ya ɓarna ba. A daminar 2024 gidaje sun rushe a garin nan, an rasa rayuka. Amma wannan ruwan sama ne, ba ya tambayar sunan unguwa. Abin da yake bi shi ne kwari da magudanar da aka toshe da leda da katangar ƙasa da ta jiƙa. In da damina ka zo, gidan za ka duba: ina ƙofarsa ta fuskanta, ina ruwan layin yake bi.

To, sai ka tambayi kanka abin da ya kawo ka. Mai son fada da tambura da hirar tsofaffi ya nemi wuri kusa da dandali, inda ƙafarsa za ta ishe shi. Ɗan kasuwa ya matsa wajen babbar kasuwa da Sabon Gari, ya yi haƙuri da hayaniya, musamman Litinin da Juma'a. Wanda harkar Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta kawo, ko yake son shiru, unguwannin Ali Ɗan Sofo da Zariya sun fi masa, amma ya ware kuɗin kabu-kabu da adaidaita.

In kana son leƙa garuruwan kusa, Tibiri, inda Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa gari bayan yaƙin Gawakuke na 1836, ba ta kai kilomita 15 ba. Jiratawa ma nan kusa take ta kudu, bisa hanyar Ɗan Isa, da gonakinta na rani da zogalenta. Duka biyun wuni ake yi a dawo, sai fa mai dangi a can. Hanyar da ta nufi iyakar Najeriya kuwa, ka baro ta kafin magariba.

Kafin ka ba da kuɗi, shiga ɗakin da ƙafarka. Murɗa famfo ka ga ko ruwa na zuwa. Tambayi abin da ake yi in an ɗauke wuta, ka duba gidan sauro ko ya yage. Takardar shaidarka ta kasance a aljihu, za a nema. Baƙin Najeriya kuma su kula da lissafi, nan da dala ake ƙirga sefa: dala ɗaya sefa 5 ce, jika sefa 1,000. In mai gida ya ce maka "ɗari biyu", jika guda yake nufi. Ka sa ya rubuta maka kuɗin kwanan a takarda da lamba kafin ka karɓi mabuɗi.