Abin da Ke Gundurar Masu Karanta Littattafan Soyayya

Tun tsakiyar shekarun 1980 littattafan soyayya suka fara cika kasuwannin Kano. Akan raba labari ɗaya kashi biyu ko uku. Marubuci yakan tsaya daidai inda hankali ya tashi, domin a sayi littafi na gaba.

Amma sau da yawa mai karatu yakan gane ƙarshen labari tun daga shafukan farko. Yarinya tana son talaka, iyayenta sun ba da ita ga attajiri. Kishiya ta je wurin boka, asirinta ya tonu. Daga ƙarshe masoya su yi aure. Wanda ya sayi littafi uku, ya tarar da abin da ya zata, dole ransa ya ɓaci.

Tushen matsalar shi ne taurarin labari. In na kirki ba ya kuskure, mugu kuma ba ya alheri, ina abin mamaki?

A littafin Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, Balaraba Ramat Yakubu ta bi rayuwar Rabi bayan mijinta ya sake ta, tana sayar da abinci don ta ciyar da 'ya'yanta. Halin da take ciki shi ne yake riƙe mai karatu har ƙarshe.