Fim ɗaya, tsawo biyu: Dalilin da ya sa ake yanke finafinai, daga baya a dawo da abin da aka cire

Duk mai saukar da finafinan ƙasashen waje daga intanet, ko mai zuwa shagon masu turawa a waya, ya taɓa cin karo da fim ɗaya mai tsawo iri biyu. Suna ɗaya, jarumai ɗaya, shekara ɗaya, amma wannan awa biyu ne, wancan kuma ya haura uku, an liƙa masa tambarin Extended Edition ko Director's Cut. Mutane da yawa kan ɗauka cewa mai tsawon shi ne cikakke, gajeren kuma an tauye shi. Lamarin bai tsaya a nan ba. Kafin mutum ya kashe datarsa da darensa, ya kamata ya san wa ya yanke fim ɗin, kuma saboda me.

Da farko, babu fim ɗin da ke fitowa kamar yadda aka ɗauke shi. Darakta kan ɗauki abin da ya ninka abin da za a nuna sau da yawa, sannan ya zauna da edita su zaɓa su jera. A Amurka, yarjejeniyar ƙungiyar daraktoci ta ba darakta makonni goma ya haɗa tasa sigar, amma a mafi yawan lokuta hukuncin ƙarshe yana hannun kamfanin da ya zuba kuɗi. Daraktoci ƙalilan ne ke da ikon cewa ba wanda zai taɓa aikinsu.

Babban dalilin yankan lissafi ne da kowane ɗan kasuwa zai gane. Ɗakin sinima kamar rumfa yake, sa'o'in cinikinsa ƙidayayyu ne. Fim mai awa biyu za a iya nuna shi sau biyar a yini, mai awa uku da rabi kuwa da ƙyar a nuna shi sau uku, alhali kuɗin tikiti bai canza ba. Dalili na biyu shi ne gwajin da kamfanoni ke yi, inda ake tara 'yan kallo kafin fitar fim, a cire abin da suka ce ya gundure su. Na uku shi ne hukumomin tace finafinai.

Wani lokacin yankan kan zama ɓarna. A 1984 daraktan Italiya Sergio Leone ya fitar da Once Upon a Time in America a Turai da tsawon minti 229. Da fim ɗin ya isa Amurka, masu rarraba shi suka mayar da shi minti 139, suka kuma jera labarin daga yarinta zuwa tsufa, alhali Leone ya gina shi ne a kan tunanin wani tsoho da ke kai-komo tsakanin jiya da yau. Gajeren ya faɗi a kasuwa, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, mai tsawon kuwa ana lissafa shi cikin manyan finafinai a yau. Shi ne fim na ƙarshe da Leone ya yi kafin rasuwarsa a 1989.

Haka ta faru da Kingdom of Heaven na Ridley Scott, fim ɗin 2005 kan yaƙin ƙwato birnin Ƙudus, wanda ɗan Siriya Ghassan Massoud ya fito a matsayin Salahuddin Ayyubi. Abin da aka nuna a sinima minti 144 ne. Sigar darakta ta dawo da kimanin minti 45, ciki har da labarin ɗan gimbiya Sibylla baki ɗaya, yaron da ya hau gadon sarauta sannan aka gano ya kamu da kuturta irin ta kawunsa. Wanda ya kalli gajeren zai ga gimbiyar ta rikice a ƙarshe ba tare da ya san sababi ba. A nan ƙarin ba ado ba ne, ginshiƙi ne aka mayar mazauninsa.

Masoya finafinan Indiya ma suna da nasu misalin. A Sholay na 1975, darakta Ramesh Sippy ya so Thakur ya kashe Gabbar Singh da kansa. Hukumar tace finafinai ta Indiya, a zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, ta ƙi amincewa da tsohon ɗan sanda ya ɗauki doka a hannunsa. Dole aka sake ɗaukar ƙarshen, 'yan sanda suka iso suka kama Gabbar. Bambancin 'yan mintoci ne kawai, amma darasin ya sauya: ɗaya ramuwar gayya ce, ɗayan kuma miƙa mai laifi ga hukuma.

Sai dai ba kowane dogon fim ne gyaran zalunci ba. Finafinai uku na The Lord of the Rings, da Peter Jackson ya fitar daga 2001 zuwa 2003, sun zo sinima da minti 178 da 179 da 201. Da aka fitar da su a faifan DVD sai suka koma 208 da 223 da 251, wato ƙarin sama da awa biyu a jimlace. Ba wanda ya ƙwace wa Jackson aikinsa. Shi ya tsara na sinima domin mai zama a kujera ba hutu, ya tsara na gida domin wanda zai iya tsayar da faifai ya sha shayi ya dawo. Mai tsawon ya cike giɓi, misali mutuwar Saruman, wadda aka cire daga kashi na uku har ran Christopher Lee ya ɓaci. Duk da haka, gajeren kashi na ukun ne ya lashe kyautar Oscar 11.

Akwai ma daraktocin da suka gane cewa sun zarce. Francis Ford Coppola ya ƙara minti 49 a Apocalypse Now a 2001, sannan a 2019 ya sake rage shi zuwa kimanin awa uku, ya ce wannan ce sigar da ta fi kwanta masa. Sigar darakta ta Blade Runner da ta fito a 1992 kuwa ba ta fi ta 1982 tsawo ba. Abin da ta yi shi ne cire muryar mai ba da labari da ƙarshen farin ciki da kamfani ya cusa. Wannan ya nuna cewa sigar darakta da siga mai tsawo ba abu ɗaya ba ne, ko da yake 'yan talla kan cakuɗa su.

Kada kuma a manta da kasuwa. A zamanin DVD, kamfanoni sun gano cewa za a iya sayar wa mutum ɗaya fim ɗaya sau biyu idan aka tsinto 'yan mintoci daga abin da edita ya zubar. Manhajojin kallo sun gaji wannan dabarar. Justice League ya fito a 2017 da awa biyu bayan Zack Snyder ya bar aikin Joss Whedon ya ƙarasa. Masoya suka yi shekaru suna matsa lamba, har a 2021 aka fitar da sigar Snyder mai awa huɗu a HBO Max, a daidai lokacin da sabuwar manhajar ke neman masu biyan kuɗi. Burin darakta da ribar kamfani suka haɗu a wuri guda.

Saboda haka tambayoyi biyu sun ishi mai kallo. Shin an yanke fim ɗin ne ba da son mai shi ba? Idan haka ne, kamar yadda aka yi wa Leone da Scott, a nemi mai tsawon tun farko. Shin daraktan ne da kansa ya amince da gajeren? To a fara da shi, idan labarin ya shiga rai sai a koma wa dogon. Tela ma yakan rage yadi kafin riga ta zauna a jiki, kuma ba duk ƙyallen da ya faɗi ƙasa ne asara ba. Asarar ita ce almakashin ya shiga hannun wanda bai auna mai rigar ba.