Idan Bakanike Ya Kasa Gano Ciwon Mota, Wa Zai Ɗauki Asarar?

Duk mutumin Arewa da ke neman abincinsa da mota a Legas, ko Badun, ko Fatakwal, ya san gareji kamar yadda ya san ƙofar gidansa. Direban babbar mota mai sauke tumatir a Mile 12, da mai tasi na Agege, da ɗan kasuwar Alaba Rago mai 'yar motarsa ta zirga-zirga, duk ba su rabuwa da kanikawa. Akasarin kanikawan nan sun san aikinsu, suna kuma riƙe amana. Amma akwai waɗanda kan dubi mota sama-sama su yanke mata ciwon da ba shi ne nata ba, a sa mutum ya sayi kayan da ba a bukata, ainihin ciwon kuwa yana nan yana cin injin har ya kashe shi.

Idan haka ta faru, yawancin mutanenmu hanya biyu suka sani. Ko dai su ce ƙaddara ce su bar wa Allah, don suna ganin baƙo ba ya cin shari'a a garin wani, ko kuwa su ɗauko 'yan sanda. Alhali doka ta buɗe wasu hanyoyi a tsakanin waɗannan biyu, kuma ba ta tambayi mutum jihar da ya fito ba. Abin da take tambaya shi ne shaida.

Kuskure dabam, sakaci dabam

A ɗauki misali. Mota tana zafi, mai ita ya kai ta gareji. Bakanike bai gwada komai ba, sai ya ce lagireto ne, aka sayo wani a kasuwar Ladipo aka ɗaura. Bayan kwana uku mota ta sake zafi a hanyar Badun, injin ya buga. Da aka buɗe sai aka tarar gaskit ɗin kan injin ne ya ƙone tun farko, abin da gwaji kaɗan zai iya nunawa. Yanzu mai mota ya yi asarar kuɗin lagireto, da kuɗin aiki, ga kuma injin sukutum.

Doka ba ta ce lalle sai bakanike ya gano kowane ciwo a karon farko ba, domin akwai ciwon da kan ɓuya wa gwani ma. Abin da ta ɗora masa shi ne ya yi aiki da irin ƙwarewa da kulawar da ake sa ran samu wurin bakanike na ƙwarai. Idan ya tsallake gwajin da kowane masanin sana'ar zai yi, ko ya karɓi aikin da ya san ya fi ƙarfinsa, to ya fita daga kuskure ya shiga sakaci. Haka abin yake ga na'urar nan da ake jona wa mota ta karanto lambobin matsala. Lambar tana nuna inda za a bincika ne kawai, ba ta cewa a canza abu kaza. Wanda ya ga lamba ya ce a sayo sabon kaya ba tare da ya gwada waya da soket ba, bai gama aikinsa ba.

A kotu abu huɗu ake nema ga mai ƙarar sakaci: cewa akwai haƙƙin kula da motar a wuyan bakaniken, cewa ya kasa sauke haƙƙin, cewa kasawar ce ta jawo ɓarnar, da kuma cewa an yi asara ta zahiri. Na uku shi ya fi wuya, don bakanike zai ce injin tsoho ne, da ma ya kusa mutuwa. Bayan wannan kuma akwai yarjejeniya. Da zarar an yi ciniki an miƙa makulli, yarjejeniya ta ƙullu ko da baki aka yi ta, kuma idan yaron gareji ne ya yi ɓarnar a bakin aikinsa, maigidansa ne ke ɗauka. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin a fikihun Malikiyya ma ana lamuntar da mai sana'a kayan da aka ba shi ya yi aiki a kansu.

Dokar kare masu saye

A farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye ta 1992. Sashe na 130 na dokar ya shafi masu gyara kai tsaye. Ya ba wanda aka yi wa aiki haƙƙin a gama masa a kan lokaci, a yi shi da ingancin da mai hankali zai sa rai, a sa masa kaya marasa aibu, a kuma mayar masa da dukiyarsa ba ta fi yadda ya kawo ta lalacewa ba. In an kasa, yana da ikon ya nemi a gyara aibin, ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa gwargwadon gazawar. Sashe na 145 kuma ya ce idan aka yi zargin aiki na da aibu, wanda ya yi aikin ne zai kawo hujjar wanke kansa. Har ila yau dokar ba ta yarda mai sana'a ya fake da wani sharaɗi ya kuɓuce wa mummunan sakacinsa ba, saboda haka allon nan da akan kafa a wasu gareji cewa ba ruwansu da abin da ya sami mota ba ya rufe bakin mai ƙara.

Abin yi tun ranar farko

Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Yawancin irin wannan ƙara a makon farko ake cin ta ko a faɗi. Kada mai mota ya yi saurin sa wani ya wargaza injin ba tare da shaida ba. Ya ɗauki hoton motar da lambar tafiyarta, ya karɓi tsofaffin kayan da aka cire ya adana, ya tattara rasit na kaya da na aiki. Biyan kuɗi ta banki ya fi biya hannu da hannu, domin yana barin sawu. Saƙonnin WhatsApp da aka yi da bakaniken, har da na murya, kada a goge su, don sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda a karɓi irinsu a kotu idan an cika sharuɗɗansa.

Abu mafi muhimmanci shi ne a sami wani bakanike ƙwararre, wanda ba shi da gaba da na farko, ya duba motar ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu, ya kuma yarda zai zo ya faɗa a gaban alƙali. In da hali a gayyaci bakaniken farko ya tsaya a buɗe injin a gabansa. Alƙali ba bakanike ba ne, da bakin masana yake gane inda laifi yake.

Matakan neman haƙƙi

Mataki na farko shi ne a koma wa mai garejin cikin lumana, in ya ƙi a rubuta masa takarda mai kwanan wata, a faɗi abin da ya faru, da abin da ake nema, da wa'adin da aka ba shi, a ajiye kwafi. Daga nan sai ƙungiyarsu. Galibin kanikawan da ke unguwannin kanikawa na Legas suna ƙarƙashin ƙungiyar NATA, kuma shugabannin reshe sukan zauna su sasanta irin wannan rigima. Tafiya da wakilin Sarkin Hausawan unguwa, ko shugaban ƙungiyar direbobi, takan sa a saurari mutum da kyau. Duk abin da aka shirya a rubuta a sa hannu.

Idan wannan bai yi ba, akwai cibiyar sasanta jama'a ta Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Legas, wadda aka kafa a 1999, kuma kyauta take aiki. Akwai kuma zauren sulhu na babbar kotun jihar da aka buɗe a 2002, inda yarjejeniyar da aka cim ma takan zama kamar hukunci bayan alƙali ya sa mata hannu. Ana kuma iya kai kuka ga FCCPC, ko hukumar kare masu saye ta jihar, wato LASCOPA.

Kotu ita ce ta ƙarshe. A 2018 Jihar Legas ta kafa kotun ƙananan ƙararraki a cikin kotunan majistare, aka sa mata iyakar naira miliyan 5, da nufin a gama shari'a cikin kwana 60, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba lauya. Sai dai an yi ta ne don kuɗin da aka san adadinsu, kamar neman a mayar da abin da aka biya. Ƙarar da sai alƙali ya auna girman sakaci da diyya ta fi dacewa da kotun majistare ta yau da kullum, wadda dokar 2009 ta ba ikon sauraron ƙara har ta naira miliyan 10, abin da ya wuce haka kuwa sai babbar kotu. A nan shawarar lauya tana da amfani.

Mai ƙara na iya neman kuɗin aikin banza da ya biya, da kuɗin gyaran ɓarnar, da kuɗin janwe, da abin da motar haya ta rasa a kwanakin da ta yi a ajiye. Amma kowane kobo sai an lissafa shi an kawo hujja, shi ya sa littafin balas na yau da kullum ke da daraja. Kuma idan an ga direba ya ci gaba da tafiya alhali allurar zafi ta haura, kotu na iya rage masa diyya gwargwadon nasa laifin. Akwai kuma wa'adi. A Legas shekara 6 ne ga ƙarar yarjejeniya ko ɓarnar dukiya, shekara 3 idan sakacin ya jawo rauni a jiki, kamar a ce birki ne aka ce lafiya lau sa'an nan ya tsinke. A wasu jihohi, kamar Ribas, shekara 5 ne.

Hanyoyin da ke mayar da mai gaskiya mai laifi

Ɗauko 'yan sanda ba ya dawo da injin. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma wanda ya sa aka tsare bakanike a kan irin wannan yana iya tsintar kansa ana nemansa da diyya. Maganar 'yan sanda takan taso ne idan akwai laifi sosai, kamar a sace kayan mota a musanya da ruɓaɓɓu, ko a karɓi kuɗin kayan da ba a saya ba. Haka nan tara 'yan uwa a je a ɗauke mota da ƙarfi ganganci ne, domin doka ta ba mai gyara ikon riƙe motar da ya yi wa aiki har a biya shi, kuma faɗan mutum biyu a gareji ba ya da wuyar rikiɗewa ya zama na ƙabila. Wanda ke son motarsa da gaggawa gara ya biya, ya rubuta cewa ya biya ne ba don ya yarda da aikin ba, daga baya ya bi haƙƙinsa.

Rigakafi dai ya fi magani. Kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, mai mota ya sa bakanike ya faɗi ciwon da ya gano, da gwajin da ya yi, da kuɗin da za a kashe, a rubuce ko a saƙon waya. Idan aikin babba ne, kamar sauke injin ko giyabos, kuɗin jin ta bakin bakanike na biyu bai kai kuɗin sabon injin ba. Bakaniken kirki ba ya jin haushin wannan, domin takardar da ke kare mai mota ita ce kuma ke wanke shi ranar da aka zarge shi a kan abin da bai yi ba.